Mai Katin Zinariya

Dogo ya cire tabarau ya jefa a aljihu kafin ya tura ƙofar gilashin otal ɗin. Aikinsa tallan injinan ban ruwa ne, yau yana nan gobe yana can, abin da kamfani ke ba shi na masauki kuwa ko ɗakin da ke kusa da janareta ba ya kamawa. Katin zinariyar da ke jakarsa ne ke rufa masa asiri. Irin katin nan ne da manyan otal ke ba baƙonsu na kullum: duk kwanan da ka yi a tara maka maki, makin ya zama ɗaki kyauta a hawa na sama, da karin kumallo, da fara'ar da ba kowa ake yi wa ba.

Matarsa ta sha roƙonsa ya rabu da katin, ta ce duk sanda ya fita da shi gabanta faɗuwa yake. Shi kuwa yakan ce barin abin da aka riga aka tara ya lalace ai almubazzaranci ne.

Duk rassan otal ɗin ya kwana a cikinsu, ban da wannan, kullum kauce masa yake. Yau babban taro ya cika garin, bai samu ɗaki a ko'ina ba, dole da safe ya buga waya nan.

Mai karɓar baƙi ko kallon katin ba ta yi ba. Ta washe baki ta ce, "Yallaɓai, kwana biyu. Har mun ce ko mun yi laifi ne." Ta ce ya ɗan rame, an kuma gyara masa ɗakinsa na kullum. Ya sa hannu a hankali. Da ya juya hagu sai ta yi dariya, ta ce lallai ya daɗe, tun da har ya manta lif a dama yake.

A ɗakin ya tarar da kofi baƙi wuluk, ba sukari. Bai taɓa shi ba. Idonsa na kan wani ƙaramin gadon yara da aka shimfiɗa a gefen taga, har da ɗan bargo mai zanen tsuntsaye.

Wayar ɗakin ta yi ƙara. Manaja ne, cikin ladabi yake roƙon kada yallaɓai ya fita, ga shi nan hawowa da wasu. Ya ce an daɗe ana zuwa nemansa, shi kuma ya yi alkawarin ranar da katin nan ya shigo zai sanar.

Dogo ya ajiye wayar. Ya hango ankwa a hannunsa, ya hango maigidansa na karɓe mukullin motar kamfani, ya hango matarsa tsaye a bakin kantar 'yan sanda ana hana ta ganinsa. Ya leƙa taga, motoci a ƙasa kamar tururuwa. Ya fizgi jaka ya buɗe ƙofa yana neman matakala, sai ƙararrawar lif ta kaɗa.

Ba ɗan sanda a bayan manajan. Wata mace ce ramammiya da koɗaɗɗen mayafi, riƙe da yarinya mai giɓin haƙora. Yarinyar ta ƙwace ta sheƙo da gudu, ta rungume gwiwoyinsa tana kiran Baba.

Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wayarsa a kashe, ba ta san gidansa ba, ba ta san danginsa ko mutum ɗaya ba, nan kaɗai ta sani, inda yake sa a kawo su duk zuwansa. "Ko sakina ka yi, ai sai ka faɗa mini," in ji ta. "Me zan ce wa yarinyar nan?"

Manaja na gefe yana murmushin wanda ya haɗa alheri. Dogo ya dubi yarinyar da ke laluben aljihunsa tana neman tsaraba, ya rasa ta inda zai fara gaya musu cewa mai katin, abokin tagwaicinsa, da hannunsa ya sa shi a kabari tun bara.