Layin da Ke Saman Tagata

Kafin wani baƙo ɗan yawon buɗe ido ya rufe baki daga ihu, kyamararsa ta riga ta nutse a kogin Rayin. Ni na wurga ta.

"Tsoho, hauka kake yi?" Baƙon ya shaƙe mini wuyan riga. "Hotunan sati biyu! Tsofaffin fadoji tara na hau da ƙafata!"

"Sau biyu ina ce maka kada matarka ta tsaya nan."

"Bango ne fa, baba! Bango!"

Bangon gidana ne. Hotonsa kowa ke ɗauka in ya sauko daga tsohuwar fadar da ke kan dutsen garinmu, saboda layukan da ke sassaƙe a jikinsa, kowane da shekararsa, iyakar inda ambaliya ta kai. Matar tasa ta tsaya ƙarƙashin na sama, ta toshe hanci, ta zaro ido wai tana nutsewa, shi kuma yana ɗauka yana ƙyalƙyala dariya.

"A garin nan," na ce, ina ɓamɓare yatsunsa, "gidan da kogi ya jawo wa rashi, shi ke sassaƙa layin shekarar. Na saman nan ni na yi. Matata tana bayan wannan tagar da ke ƙarƙashinsa ranar da ruwan ya zo."

Ya sake ni. Matarsa ta sunkuyar da kai.

Sai ga wata 'yar rakiyar baƙi ta shawo kwana, ta ɗaga jar lema, mutum arba'in na biye da ita.

"Ga bangon nan!" ta ƙwala murya. "Maza, kowa ya toshe hanci!"