Mama Ba Ɓera Ba Ce

"Ko nishi ba ta yi ba, allurar kashe zafin me?" in ji likita, yana duba karyayyar ƙafar tsohuwar.

'Yarta, wadda ta nemi allurar, ta tare ƙofa. A ɗakin binciken da take aiki, ta sha ganin yadda tsoro ke sa ƙwaƙwalwar ɓera ta saki nata maganin, ta danne zafi na ɗan lokaci.

"Malama, mahaifiyarki fa ba ɓera ba ce."

"Farar rigarka ce ta rufe mata baki, likita."

Ta ja labule, ta riƙe hannun da ya raine ta.

"Mama, ni kaɗai ce."

Sai tsohuwar ta kurma ihu. Daga bayan labule, aka ji likita yana fasa kwalbar allura.