Kuku Zai Bar Gari

Kuku ya ajiye jakarsa a ƙofar shagon budurwarsa, ya zube kan benci. Ta ɗage ƙafa daga keken ɗinki.

"Sun kore ni daga otal," ya ce. "Manaja ya zage ni gaban baƙi, na rama. Na gaji da garin nan. Gida zan koma."

Ta daɗe tana murza zare a yatsa.

"Sallama ka zo yi, ko tambayar aurena?"

Ya sunkuyar da kai. "Ina ni ina tambaya? Me zan ba ki?"

"Ni ma a gajiye nake," ta ce a hankali, "amma ba da kai ba. Je ka ga babana tukuna. Mota ba ta ƙarewa a tasha."