Motocin Baba Biyu

Kafilina, wato ubangidan da nake wa aiki a Mu'aither can ƙasar Larabawa, yana da tsohuwar motar Amurka mai fuka-fuki a baya. In ina goge ta, Baba nake tunawa.

Wata la'asar, ina yaro, Baba ya shimfiɗa mini tallan motoci biyu da ya yago daga mujallar Turawa, ja da koriya.

Ya ce, "Alƙali, yanke hukunci. Jar ta fi gudu, koriyar ta fi faɗi. Wacce za mu saya?"

Ni kuwa, shehin malami ɗan aji biyu, na ce, "Baba, ai ko keke ba ka da shi."

Ya yi dariya har da tafi, sannan ya miƙa wa Inna takardun. "Ungo, hura wuta."

Ashe tun yana saurayi yake adana su a akwatinsa.