Kuskuren Ganganci na Malam Apollos

Jikata Kezia ce ta kawo mini labarin da zafinsa. Malam Apollos, wanda rikici ya koro daga Michika, ya je gwajin koyarwa a makarantarsu ta kuɗi a Damilu. Ya rubuta (x + 6)/x a allo, ya soke x na sama da na ƙasa, ya ce amsa shida. Da gangan ya yi, don yara su kamo kuskuren.

Hannaye sun fara tashi ke nan, sai mai makarantar ya ɓarke da tafi. Shi mai makarantar nan digiri biyu gare shi fa, jama'a!

"Daidai! Ka samu aiki!"

Apollos ya dubi yaran, ya tuna bakuna huɗu a gida.

"Na gode, Oga. Yara, ku sauke hannu, ku kwafa."