Bencin Bakin Gada

A tsakiyar gadar na ja birki da ƙunshina a kafaɗa, domin taku ɗaya gaba na karya doka. Haka al'adarmu take, mu kafintocin Jamus: in ka fita yawon koyon aiki, shekara uku da kwana ɗaya ba ka kusantar garinku da kilomita hamsin. Tsakiyar gadar nan ce iyakata.

Lokacin na ci shekara biyu. Na buga rufi a Norway, na ci kifi har na fara ƙarni, ina aika kati gida wai ban taɓa jin daɗi haka ba. Ƙarya nake zubawa. Da kewa ta ci ƙarfina, na yi kwana uku ina roƙon direbobin manyan motoci su rage mini hanya, don kawai in hango hanyar gidanmu. Ban gaya wa kowa ba.

A ƙarshen gadar wani tsoho na zaune kan benci da burodi a cinya. Babana ne, wanda ranar tafiyata ko kai bai ɗago daga zarto ba.

"Tsaya nan, sarkin yawo! Kada ka tsallako ka kunyata ni. Ji wuya kamar na zakara."

"Baba, me ya kawo ka?"

"Katako na zo dubawa."

Ya wurgo burodin Mama, na kasa cafewa kamar kullum. Ina ɗagowa na lura da bencin. Haɗin babana ne, babu ƙusa ko ɗaya. Katakon duk ya yi furfura, sai wuri ɗaya da zama ya goge har yana ƙyalli.