Kyanwa Mai Yawan Kuka

"Baba, banda wannan," in ji matar da ke kula da gidan kyanwoyin da aka tsinto a titi. "Gida biyu aka kai ta, duk sun dawo da ita."

Tsohon bai ɗaga kai ba. Shekara talatin ya yi yana tuƙa jirgin ƙasa na cikin garin Iskandariya, a Masar. Tun rasuwar matarsa yake zaune shi kaɗai a hawa na shida, 'ya'yansa suna Kuwait, sai da Sallah suke kira. Yakan ci burodi da wake, ba ya jin ɗanɗanonsu. Likita ne ya matsa masa ya nemi abin da zai ɗebe masa kewa, shi dai kyanwa ba ta taɓa burge shi ba.

Wannan launinta uku, fari da baƙi da ruwan goro. Ta kalle shi, ya kalle ta.

"Me ta yi musu?"

"Kuka, Baba! Ta fi lasifikar masallaci. Ga masu hankali nan, ka zaɓa."

"A ina kuka samo ta?"

Matar ta rage murya. "A gidan wata tsohuwa da ta rasu ita kaɗai. Kwana biyu kyanwar nan tana kuka a bayan ƙofa, har maƙwabta suka gaji suka ɓalle ƙofar."

Tsohon ya sake kallon kyanwar. Rabon da wani ya ƙwanƙwasa masa ƙofa tun watan azumi.

"Kwana biyu ai da sauƙi," ya ce. "Sa min ita a kwando, 'yata."